Sa'o'i uku a titunan Landan a sawun waɗanda suka yaƙi cinikin bayi: bitar wani zagayen tarihi

A birnin Landan akwai ƙananan kamfanoni da dama waɗanda sana'arsu ita ce zagayawa da baƙi a ƙafa, suna nuna musu wuraren tarihi tare da bayani. Wata Asabar cikin watan Oktoba na biya kuɗin irin wannan zagaye ni da ɗan yayana da ke karatun tarihi a wata jami'a a Ingila, kuma abin da ya ja hankalina shi ne alkawarin da kamfanin ya ɗauka a shafinsa na intanet, cewa cikin sa'o'i biyu da rabi zai amsa tambaya guda: me ya sa Birtaniya, wadda jiragenta suka fi na kowace ƙasa jigilar bayi a ƙarshen ƙarni na 18, ta juya ta haramta wannan ciniki a shekarar 1807? Da wannan alkawari zan auna aikinsu, domin shi suka sayar mini.

Mun haɗu da ƙarfe goma na safe a bakin cocin St Mary Woolnoth, daf da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Bank. Mu ashirin da biyu ne, adadin da ya yi yawa ga lungunan da za mu bi. Jagorarmu mace ce mai kimanin shekara hamsin, mai tsararriyar murya, ta raba mana 'yan na'urorin sauraro da ake maƙalawa a kunne, sannan ta fara da alƙaluma ba tare da wani dogon share fage ba: kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jirage daga gaɓar Afirka tsakanin ƙarni na 16 da na 19, kimanin miliyan 10 da dubu 700 suka sauka da rai, kuma jiragen Birtaniya kaɗai sun ɗauki fiye da miliyan 3. Na ji daɗin wannan farawa, domin ta ɗora nauyin maganar a inda ya dace tun kafin a fara ambaton sunayen manyan mutane.

A cikin cocin akwai allon tunawa da John Newton, wanda ya yi limancin wurin daga 1780 har mutuwarsa a 1807. Yawancin masu ba da labarinsa kan ce guguwa ta kusa halaka shi a teku a 1748, ya tuba, ya bar cinikin bayi. Jagorar ba ta yarda da wannan gajeruwar hanya ba. Ta nuna cewa bayan tuban nasa ne ma ya zama kyaftin na jirgin bayi, ya yi tafiya uku tsakanin 1750 da 1754, rashin lafiya ce ta raba shi da teku, kuma sai a 1788 ya buga ƙasidar da ya fallasa abin da idonsa ya gani. Shekara talatin da huɗu ke nan yana shiru. Wannan bayani kaɗai ya isa ya nuna cewa tsoron Allah a zuciyar mutum ɗaya bai wadatar ba, sai da aka sami jama'ar da ta mayar da shi aiki, kuma daga nan ne zagayen ya kama hanyarsa mafi kyau.

Taku kaɗan daga cocin, a titin Lombard, aka shiga da mu wani fili da ake kira George Yard. Yau dogayen gine-ginen ofisoshi ne suka kewaye shi, babu abin da ya rage na zamanin da, kuma a ranar Asabar shiru ne sai tattabaru. A nan ne, a gida mai lamba 2, maɗaba'ar James Phillips take, kuma a cikinta ne mutum goma sha biyu suka zauna ranar 22 ga Mayu, 1787, suka kafa kwamitin neman haramta cinikin bayi. Tara daga cikinsu 'yan ɗarikar Kweka ne, ɗarikar Kirista da ta daɗe da yanke hulɗa da mabiyanta masu wannan ciniki, kuma ita ce ta kai wa majalisa takardar koke a kansa tun 1783. Amma dokar Ingila ta lokacin ba ta ba su damar zama a majalisa ba, saboda haka suna da kuɗi, suna da maɗaba'a, suna da 'yan'uwa a kowane gari da za su rarraba takardu, amma ba su da murya a inda ake yin doka. Abin da Granville Sharp da Thomas Clarkson, mabiya cocin gwamnati, suka kawo musu ke nan, daga baya kuma William Wilberforce, ɗan majalisa mai wakiltar Yorkshire kuma aminin Firayim Minista William Pitt.

A wannan fili muka fi daɗewa, kusan minti ashirin da biyar, kuma ban ga ɓata lokaci a ciki ba. Jagorar ta buɗe wata jaka ta fito da takardu masu rufin leda tana miƙa mana muna zagayawa da su. Na farko shi ne zanen jirgin Brookes na Libaful, wanda aka fara bugawa a 1788. Na sha ganin wannan zane a littattafai, amma ban taɓa riƙe shi da girmansa a hannu ba. Daga nesa sai ka ce zanen tabarma ne, layi bayan layi na ƙananan baƙaƙen sanduna. Sai ka matso da shi kusa da ido sannan ka ga kowace sanda tana da kai da hannaye da ƙafafu, maza a gefe guda da mari a ƙafa, mata a wani gefe, yara a tsakiya, an jera su kafaɗa da kafaɗa babu wurin juyi. Mutum 454 dokar 1788, wadda ta ƙayyade yawan bayin da jirgi zai loda, ta yarda jirgin ya ɗauka, alhali kafin dokar ya taɓa ɗaukar 609. Wata tsohuwa a cikinmu ta riƙe takardar ta kasa miƙa wa na kusa da ita har sai da jagorar ta taɓa kafaɗarta. Gani ya kori ji, kuma waɗancan mutum goma sha biyu sun fahimci haka, shi ya sa suka buga dubban kofe na zanen aka manna a gidaje da wuraren shan shayi.

Daga nan ta yi bayanin aikin Clarkson, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan yaƙin gaba ɗaya, ko da yake sunan Wilberforce ya rufe nasa. Ya fara ne da wata ƙasida da ya rubuta da Latin a jami'ar Cambridge a 1785 don neman kyauta, ya ci kyautar, amma abin da ya karanta a wajen bincike ya hana shi barci. Cikin shekara bakwai ya yi tafiyar kimanin mil 35,000, galibi a kan doki, yana shiga mashayar ma'aikatan jirage a Bristol da Libaful yana neman waɗanda za su ba da shaida. A Libaful ya sayi ankwa da mari da ƙarfen matse babban yatsa da wani ƙarfe da ake ɓare bakin bawa da shi idan ya ƙi cin abinci, duka a shago ana sayar da su a fili. Sannan ya bi rajistar jirage ya tattara sunayen ma'aikata kimanin 20,000, ya tabbatar da cewa cinikin da ake kurantawa a matsayin makarantar horar da matuƙan sojan ruwan Birtaniya kabarinsu ne, domin suna mutuwa da yawa a kowace tafiya. Wannan hujja ta yi tasiri a kan 'yan majalisar da ran Baƙar fata bai dame su ba amma ƙarfin sojan ruwa ya dame su.

Ta kuma ba talakawa haƙƙinsu. Ta faɗi yadda mutanen Manchester kusan 11,000 suka sa hannu a takardar koke a 1788, yadda a 1792 takardu 519 suka isa majalisa ɗauke da sa hannun mutum kusan 400,000, da yadda kimanin mutum 300,000 suka ƙaurace wa sukarin da bayi suka noma, mata ne kuwa a gaba domin su ke cefanen gida ko da yake ba su da ƙuri'a. Ta nuna mana hoton tambarin da mai sana'ar tangaran Josiah Wedgwood ya ƙera a 1787, bawa a durƙushe cikin sarƙa yana tambaya ko shi ba mutum ba ne kuma ɗan'uwa. Ɗan yayana ya raɗa mini cewa, "Baffa, ka lura a durƙushe suka zana shi, yana roƙo." Na lura, kuma wannan magana tasa ita ce ta zame mini ma'aunin sauran zagayen.

Mun bi ta lungun St Michael inda a da 'yan kasuwar Jamaika ke taruwa a gidan gahawa, muka tsaya a Fen Court wajen wani sassaƙen dutse da Desmond Tutu ya buɗe a 2008, ginshiƙai masu kama da karan rake kewaye da wani dandamali da za a iya ɗauka mumbari ko wurin gwanjon bayi. A titin Mincing aka ba mu labarin Jonathan Strong, saurayin da ubangidansa ya yi masa dukan kawo wuƙa da gindin bindiga ya yar a titi a 1765, Granville Sharp ya tarar da shi a layin marasa lafiya a ƙofar ɗan'uwansa likita. Daga nan Sharp, wanda ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, ya duƙufa karatun shari'a da kansa, har ya kai ga shari'ar wani bawa mai suna James Somerset, wadda a cikinta babban alƙali Lord Mansfield ya yanke hukunci ranar 22 ga Yuni, 1772, cewa ubangida ba shi da ikon fitar da bawansa daga Ingila da ƙarfi. Jagorar ta jaddada cewa hukuncin bai 'yanta bayin Ingila ba kamar yadda ake yawan faɗi, kuma bai taɓa na gandayen rake da ke tsibiran Karibiyan ba ko kaɗan.

A harabar Guildhall ne aka zo maganar jirgin Zong. A ƙarshen Nuwamba 1781 ma'aikatan wannan jirgi na 'yan kasuwar Libaful suka fara jefa 'yan Afirka cikin teku da ransu, har fiye da mutum 130, bisa da'awar ƙarancin ruwan sha, sannan masu jirgin suka nemi kamfanin inshora ya biya su fam 30 a kan kowane kai. A cikin wannan gini aka saurari ƙarar a Maris 1783, kuma ba ƙarar kisa ba ce, gardama ce a kan wa zai ɗauki asarar kaya. Ba a taɓa gurfanar da kowa da laifin kisan ba. Wanda ya kai wa Sharp labarin shi ne Olaudah Equiano, wanda ya fanshi kansa daga bauta, ya buga tarihin rayuwarsa a 1789, ya zagaya Ingila da Sukotland da Ayalan yana sayar da littafin yana jawabi. Jagorar ta ambace shi, ta ambaci Ottobah Cugoano wanda aka sato daga gaɓar ƙasar da yau ake kira Gana kuma ya nemi a kawar da bautar kanta tun 1787, amma duka su biyun ba su sami minti uku ba.

Daga nan ne zagayen ya fara gazawa, kuma gazawar ta soma da abubuwan zahiri. Lokaci ya riga ya ƙure, domin tara mutum ashirin da biyu a kowace mararraba yana cin minti biyar. Na'urorin kunne suna yankewa da zarar ka yi taku goma daga jagorar. Babu inda aka tsaya aka zauna tun safe, ga tsofaffi a cikinmu. Sai aka gangara da mu tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa don zuwa Westminster, unguwar da majalisar Birtaniya take, kuɗin jirgin kuma bai shiga cikin abin da muka biya ba, kuma shafin kamfanin bai faɗi haka ba. A kan dandamalin tashar, cikin ƙarar jirage, aka ba mu labarin Haiti gaba ɗayansa cikin abin da bai wuce minti huɗu ba.

Wannan shi ne babban ƙorafina. A watan Agusta 1791 bayin Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, mallakar Faransa wadda ta fi kowace a duniya samar da sukari da gahawa, suka tashi suka ƙone gandaye. Cikin shekara uku suka tilasta wa Faransa soke bauta a 1794. Birtaniya ta aika da runduna don ƙwace yankin tsakanin 1793 da 1798, ta yi asarar dubban sojoji a hannun mayaƙan Toussaint Louverture da zazzaɓin shawara, ta fice ba ta sami komai ba. Napoleon ya aika da tasa rundunar a 1802, ita ma ta watse, kuma ranar 1 ga Janairu, 1804, Jean-Jacques Dessalines ya ayyana 'yancin Haiti. Ba za a fahimci ƙuri'ar 1807 ba idan aka cire wannan. Da farko dai tawayen ya cutar da masu neman haramcin, domin abokan hamayyarsu sun ce ga abin da maganar 'yanci ke haifarwa. Amma bayan 1804 lissafi ya juya ta fuska biyu. Ta farko, tsohuwar hujjar cewa idan Birtaniya ta bar cinikin Faransa ce za ta ci riba ta mutu, tunda Faransa ta rasa babban gandunta. Ta biyu, masu mulki a Landan sun ga cewa cika tsibiri da sababbin kamu daga Afirka, waɗanda da yawansu mayaƙa ne a ƙasashensu kuma sun san 'yanci, daidai yake da tara albarushi kusa da murhu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Jamaika ba ta da nisa da Haiti, kuma ita ma ta ɗanɗana tawayen Tacky a 1760. A cikin jiragen ma, bincike ya nuna kimanin ɗaya cikin goma ya fuskanci tawaye, abin da ya sa masu jirage ƙarin kashe kuɗi a kan ma'aikata da makamai. Mutanen da aka zana a durƙushe sun yi yaƙin 'yancinsu a tsaye, kuma zagayen da ya yi alkawarin bayyana dalilai bai kamata ya bar wannan a dandamalin tasha ba.

A Westminster jagorar ta dawo cikin ƙarfinta, domin siyasar majalisa ita ce fagenta. Muna tsaye a Old Palace Yard, inda gidan Wilberforce yake a da, ta bi mu da ƙuri'u ɗaya bayan ɗaya: jawabinsa na farko ranar 12 ga Mayu, 1789, kayen da ya sha a 1791 da ƙuri'a 163 da 88, nasarar 1792 da ƙuri'a 230 da 85 wadda minista Henry Dundas ya raunana da kalmar "sannu a hankali", Majalisar Dattawa kuma ta binne ta da jinkiri, sannan yaƙi da Faransa daga 1793, wanda ya sa duk mai maganar gyara ake masa kallon mai goyon bayan juyin juya hali. A 1796 ƙudurin ya faɗi da ratar ƙuri'a huɗu kacal, wasu magoya bayansa sun tafi kallon wasan waƙa a daren.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne bayaninta a kan dokar 1806, wadda ba kasafai ake ambatonta ba. James Stephen, lauya masanin dokokin teku wanda ya zauna a tsibirin St Kitts kuma ya auri 'yar'uwar Wilberforce, shi ya ba da shawarar a kawo ƙuduri ba da sunan tausayi ba, da sunan kishin ƙasa a lokacin yaƙi: a hana 'yan Birtaniya sayar da bayi ga yankunan abokan gaba da sababbin yankunan da aka ci da yaƙi. Masu neman haramcin suka yi gum da bakinsu a lokacin muhawara don kada a farga, ƙudurin ya wuce, kuma ya datse kimanin kashi biyu cikin uku na cinikin. A lokacin Pitt ya rasu, gwamnatin Lord Grenville da Charles James Fox ta hau da niyyar gama aikin, 'yan majalisa ɗari daga Ayalan sun shigo tun 1801 kuma yawancinsu ba su da hannun jari a rake, nasarar yaƙin teku na Trafalgar a kan Faransa da Sifen a 1805 kuma ta bar teku a hannun Birtaniya. Saboda haka lokacin da aka kaɗa ƙuri'a a daren 23 ga Fabrairu, 1807, aka sami 283 da 16, sarki ya sa hannu ranar 25 ga Maris, aka sa tarar fam 100 a kan kowane bawa da aka kama a jirgin Birtaniya, itacen an riga an sassare shi, turawa kawai ta rage.

A nan na tambaye ta matsayin tattalin arziki a cikin dalilan. Ta amsa da ilimi, amma a gurguje. Ta ce Eric Williams, masanin tarihi wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Trinidad da Tobago, ya yi hujja a 1944 cewa Birtaniya ta bar cinikin ne saboda gandayen rakenta sun fara gajiya kuma masana'antu sun karɓi ragamar arziki, sannan Seymour Drescher ya mayar masa da martani a 1977 da alƙaluman da ke nuna cinikin yana kan ganiyarsa lokacin da aka kashe shi. Ta ce ita tana bayan Drescher, ta wuce. Ni ina ganin alƙaluman Drescher sun tsaya, amma hakan bai kori son rai daga lissafin ba. A 1806 da 1807 sukari ya yi kwantai a kasuwar Landan. Tsofaffin masu gandaye a Babados da wasu tsibirai suna da bayin da suka ishe su, kuma suna tsoron sababbin filayen Trinidad da Giyana masu ƙarfin ƙasa, waɗanda idan aka cika su da bayi za su karya musu farashi. Masanin tattalin arziki Adam Smith tun 1776 ya koyar da cewa aikin ɗa ya fi na bawa arha a ƙarshe, kuma wannan ra'ayi, ko daidai ne ko kuskure, ya shiga kan masu mulki. Ruwa ba ya tsami banza: huɗubar da aka yi shekara ashirin ana yi ba ta sauya ba tsakanin 1791 da 1807, abin da ya sauya shi ne farashin yin aiki da ita. Wannan ba rage darajar Clarkson ba ne, domin in ba don shi da mutanensa sun shirya ƙasa ba, da damar ta zo ta wuce ba wanda ya kama ta.

Zagayen ya ƙare a lambun Victoria Tower, wajen maɓuɓɓugar tunawa da Thomas Fowell Buxton, ɗan majalisar da ya gaji Wilberforce a yaƙi da bauta. Maɓuɓɓugar wani ɗan gini ne mai tsini da ado kala-kala da aka gina a shekarun 1860 aka dawo da shi nan a 1957. Ƙarfe ɗaya da kwata ta yi, wato mun zarce alkawari da minti arba'in da biyar, mutum biyar sun riga sun sulale. Ga waɗanda suka rage ta yi bayanin dokar 1833 da ta soke bautar kanta, ta 'yanta kimanin mutum 800,000 a matakai har zuwa 1838, kuma ta faɗi abin da wasu jagorori ke tsallakewa: gwamnati ta biya diyyar fam miliyan 20, kimanin kashi 40 cikin ɗari na abin da take kashewa a shekara, ga masu bayin, ba a ba bayin ko anini ba, kuma sai a 2015 baitulmalin Birtaniya ya gama biyan bashin da wannan kuɗi ke ciki. Ta ambaci tawayen Samuel Sharpe a Jamaika a ƙarshen 1831 a matsayin abin da ya gaggauta dokar. Na yaba mata a kan wannan.

Abin da babu shi sam a zagayen shi ne Afirka bayan 1807. An bar mai sauraro da zaton cewa da sarki ya sa hannu jirage suka tsaya, alhali kusan mutum miliyan 3 aka ƙara ƙetarawa da su bayan wannan shekara, galibi zuwa Burazil da Kyuba. Denmak ta riga Birtaniya yin doka a 1792, ta fara aiki a 1803. Amurka ta haramta shigo da bayi daga 1 ga Janairu, 1808. Sifen sai da aka biya ta fam 400,000 a 1817 kafin ta sa hannu a yarjejeniya. Burazil kuwa sai a 1850, bayan jiragen yaƙin Birtaniya sun fara kama jirage a cikin tashoshinta. Rundunar ruwan da aka girke a gaɓar Afirka ta Yamma ta kama jirage kimanin 1,600 ta kuɓutar da mutum kimanin 150,000, aka sauke yawancinsu a Firitawun ta Saliyo, cikinsu har da yaron da aka ceto a 1822 ya zama Bishop Samuel Ajayi Crowther, da kuma Hausawa da Barebari da Nufawa. A shekarar 1807 ɗin nan da Landan ke kaɗa ƙuri'a, hukumomin Bahia a Burazil sun bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa, wasu tawayen suka biyo baya har zuwa na Musulmi a 1835. Lokacin da matafiyin Birtaniya Hugh Clapperton ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, hana kai bayi bakin teku yana cikin abin da suka tattauna. Kuma da sunan yaƙi da cinikin bayi ne jiragen Birtaniya suka yi wa Legas ruwan wuta a 1851, suka kori Sarki Kosoko suka ɗora Akitoye, bayan shekara goma suka haɗiye garin, a daidai lokacin da masana'antun sabulu da injinan Ingila ke neman manja. Haka nan babu wanda ya taɓa maganar sarakuna da fataken Afirka da suka ci moriyar cinikin suka kuma ƙi a daina shi, irin su Gezo na Dahomey, wadda gaskiya ce da ya wajaba mu ma mu faɗe ta da bakinmu. Ban ce a cusa wannan duka cikin sa'o'i uku ba, amma minti goma a wajen maɓuɓɓugar da sun isa a nuna cewa labarin bai ƙare a Westminster ba.

Duk da haka ban yi nadamar kuɗina ba. Jagorar ta san abin da take faɗa, ban kama ta da kuskuren shekara ko adadi ko ɗaya ba, ɗan yayana ma da ke bin ta da littafin rubutu bai kama ba, kuma ba ta tsarkake jaruman labarinta ba, har ta faɗi cewa Wilberforce ya goyi bayan dokokin danne ma'aikatan Ingila kuma ya daɗe yana adawa da 'yanta bayi nan take, abin da wata mata 'yar Kweka, Elizabeth Heyrick, ta fito ta nema a 1824. Wanda ke son sanin yadda 'yan tsirarun mutane suka shirya gangamin da ya juya ra'ayin ƙasa, rabin farko na wannan zagaye ya wadatar da shi. Wanda kuma ke son cikakkiyar amsar tambayar da kamfanin ya rubuta a shafinsa, sai ya karanta tarihin Haiti kafin ya zo, sannan bayan an tashi ya hau jirgi zuwa West India Quay, inda gidan tarihin tashar jiragen ruwa ke da sashe na musamman a kan Landan da sukari da bauta, a cikin ɗakin ajiyar da aka gina a 1802 don kayan da bayi suka noma. Mu ma can muka nufa bayan mun yi sallar azahar. Na rubuta wa kamfanin ina ba su shawarar rage mutane zuwa goma sha biyu, da sanar da kuɗin jirgi tun a shafi, da kuma ɗauke labarin Haiti daga dandamalin tasha a kai shi wurin da mutum zai zauna ya saurara. Mai niyyar zuwa ya sa takalmi mai laushi, ya riƙe ruwan sha da lema, kuma ya tsaya kusa da jagorar saboda na'urar kunnen.